Aron Tsawon Tasalla

Dalilin da ya sa mutane suke dogo da gajere, kuma dogo yake sunkuyowa in gajere na magana, ku matso ku ji shi. Ku biyun nan da kuka jingina baya da baya kuna musun wa ya fi wani, ku zauna, ba abin da zai ƙaru.

A zamanin da, duk wanda ya gama girma tsawonsa ɗaya da na kowa. Kuma tsawo abin aro ne, kamar gishiri ko garwashin wuta. In mutum zai yi jinka ko zai kaɗo kuka, sai ya leƙa gidan maƙwabci ya ce a ara masa taƙi ɗaya. Su jingina baya da baya, mai bayarwa ya yi nishi, tsawon ya wuce. Sharaɗi ɗaya ne, a mayar kafin rana ta faɗi, domin tsawo in ya kwana a jikin mutum ya zauna ke nan.

A wani ƙauye na bakin gulbi akwai wani manomi, Nomau, da matarsa Tasalla. 'Yarsu ɗaya, Kyauta, wadda suka samu bayan sun fid da rai. Wata ranar damina maciji ya sari yarinyar a bayan rumbu. Mai maganin dafi kuwa, wata tsohuwa Iya Barmani, tana hayin gulbi, ga shi gulbin ya cika ya tumbatsa har ya tafi da kwalekwalen garin.

Nomau ya shiga ruwan don ya gwada, tun bai kai tsakiya ba ruwa ya shanye kansa. Ya fito yana tari.

Maƙwabta suka taru, har da Tasalla, kowa ya juya masa baya ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Wani taƙi, wani rabi. Cindo mai rowa ya ba da kaurin farce, yana ta jaddada a dawo masa da abinsa da wuri. Nomau ya sake shiga, ruwa ya tsaya masa a hanci.

Tasalla ta miƙa Kyauta ga wata mata ta riƙe, ta ce, “Maigida, juyo.”

Ya ce, “Kin riga kin bayar.”

Ta ce, “Na ce ka juyo.”

Suka jingina. Ta yi nishi, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har zanenta ya fara jan ƙasa. Mata suna cewa, “Tasalla, ya isa haka, za ki ƙare.” Ba ta saurare su ba sai da ta ga kanta ya dawo daidai ƙugunsa. Ya ɗora Kyauta a ka, ya ratsa gulbin, ruwa iya wuya.

Iya Barmani ta tsaga wurin saran, ta shafa magani, ta ɗura wa yarinyar wani. La'asar ta yi, Nomau ya miƙe ya ce, “Iya, bari in je in mayar wa mutane tsawonsu, gobe in dawo.”

Kyauta ta damƙe yatsansa, idonta a rufe. Tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, ni magani na sani, amma yarinyar nan ba ta san ni ba. In ta farka ba ta ga nata ba, tsoro zai tayar da dafin. Ka zaɓa.”

Nomau ya dubi rana, ya dubi hannun da ke riƙe da shi. Ya tuna matarsa da zanenta yana jan ƙasa, zuciyarsa ta yi zafi ƙwarai. Sannan ya koma ya zauna.

Da safe Kyauta ta farka tana neman koko. Ya ɗauko ta suka hayo. Garin duk yana bakin gulbi, ba biyu da suke kai ɗaya. Aka yi ta jingina baya ana nishi, ko ƙwayar gero ba ta motsa ba. Daga ranar ma aron ya daina yiwuwa ga kowa. Cindo ya zauna yana kukan kaurin farcensa, har ya mutu yana ba da labarin asarar.

Nomau bai iya haɗa ido da matarsa ba. Ya tsaya can sama kamar giginya, hawaye na zuba, yana cewa ta yafe masa, ya cuce ta.

Tasalla ta gama shafa 'yarta tun daga kai har ƙafa, sannan ta ɗaga kai ta ce, “Me kake cewa? Ba na jin ka. Sunkuyo.”

Ya sunkuyo. Ta goge masa fuska da bakin zanenta, ta ce, “Abin da na aike ka ka dawo min da shi. Sauran ka riƙe, ka riƙa sauko min da ƙwarya daga ragaya. Da ka baro min 'yata a can don ka kawo min tsawo, da ba ka sake cin tuwona ba. Amma ka ji, duk sanda zan yi magana ka sauko inda nake. Ba zan riƙa yi wa mijina ihu kamar mai kiran ɗan kamasho ba.”

Ya ce, “To.” Bai taɓa saɓawa ba har tsufansu. 'Ya'yan da suka haifa daga baya, wasu suka ɗauko uban, wasu uwar, haka abin ya bazu a duniya.

Shi ya sa har yau, in gajeriyar tsohuwa irina ta buɗe baki, za ku ga ƙaton dogo ya lanƙwaso wuya ya kawo kunne, ko bai san dalili ba. Jikinsa ne ya sani, tsawon da yake yawo da shi wata uwa ce ta rage nata ta ba shi.