Gwauruwar da Ta Mayar wa Malam Daminsa

Akwai wani mutum da ikkilisiya ta aika ya yi bishara a wani ƙauye da ke bayan dutse. Mutanen ƙauyen suka karɓe shi hannu biyu, suka kafa masa bukka, suka yanka masa gona kusa da ɗakin sujada. Babba da yaro, kowa Malam yake ce masa.

A wancan zamani da gayya ake noma. Ku da kuka taso kuka tarar da maganin feshi ba ku san abin da ya wuce ku ba. Da sassafe mai ganga zai buga, maza talatin su jeru a bakin gona da fartanya, ana waƙa, ana yi wa rago dariya, mata na tafe a baya da ƙwarya cike da kunun tsamiya. Kafin rana ta karkata, aikin da zai ci wa mutum guda mako biyu ya ƙare. Ni dai ina kewar wannan zamani, in na tuna ƙarar gangar nan har yau zuciyata takan yi nauyi. Amma ba zan ruɗe ku ba, ko a lokacin akwai masu kuka.

Ga yadda al'adar ƙauyen take. In damina ta sauka, dattawa sukan taru a gindin tsamiya su raba ranakun gayya. Ranar farko ta Malam ce, don girmamawa. Ta biyu ta mai unguwa. Daga nan sai a bi gidaje bisa ga yawan tuwon da kowa zai iya ciyar da manoma. Mai ƙaramar tukunya shi ne ƙarshe.

A ƙarshen ƙarshe kuwa akwai wata gwauruwa mai suna Afiniki. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gona guda. Kowace shekara, kafin gayya ta iso wurinta, ciyawa ta riga ta shaƙe dawar, sai dai a yi noman fita kunya.

Malam mutum ne mai tausayi. Duk kaka, in ya girbe tasa gonar, wadda kullum ita ce ta fi ta kowa kyau, sai ya zaɓi manyan dammuna biyu ya ɗauka da kansa har ƙofar Afiniki. Mutane suna gani, suna cewa lalle an aiko musu bawan Allah. Shi ma, a gaskiya, yabon yana yi masa daɗi.

A kaka ta uku ya kai damin kamar yadda ya saba. Afiniki ta durƙusa ta gaishe shi, amma ba ta taɓa damin ba.

Ta ce, "Malam, na gode, Allah ya saka. Sai dai bana ka koma da abinka."

Ya ce, "Inna, lafiya? Na yi miki laifi ne?"

Ta ce, "'Yan'uwan mijina sun zo jiya. Sun ce gonar ɗan'uwansu tana lalacewa a hannuna. In baɗi ma ba ta yi ba, za su karɓe, ni in koma gidan ubana da yaran."

Ya ce, "Kada ki damu, za mu sa abin a addu'a. Zan kuma ƙara miki dami guda."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ce, "Malam, ko goma ka kawo ba za su hana a karɓe gonar ba. Ni ba raguwa ba ce. Ranar da ake kaɗa ganga a gonarka, a ranar ciyawa take fara cin tawa."

Malam ya ɗauki daminsa ya koma gida, kunya ta rufe shi. Shekara uku yana zama a gindin tsamiyar nan ana raba ranaku, bai taɓa tambayar wanda yake ƙarshe ba, domin shi ne na farko.

Da ruwa ya sauka, dattawa suka taru. Mai unguwa ya ce, "Ranar farko ta Malam ce, kamar kullum."

Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma. A ba Afiniki ranata. In kuma za ku yarda, daga yau a riƙa farawa da gonakin marasa ƙarfi."

Wani dattijo ya ce, "To, wa zai ciyar da manoma? Tukunyarta ko mutum biyar ba za ta ƙosar ba."

Malam ya ce, "Matata za ta dafa, da hatsin rumbuna."

Mai unguwa ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, wa'azi aka aiko ka ka yi mana, ko gyaran al'adar kakanninmu? Ranarka taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Amma in ka bayar, to, ka ɗauki tata. Sauran kuma ba mai taɓa su."

Malam ya ce, "Na ɗauka."

Haka aka yi. Ganga ta fara kaɗawa a gonar Afiniki, dawarta ta tashi kore shar. Ta Malam kuwa, ranar da gayya ta iso, sai da aka riƙa laluben shukar a cikin ciyawa. Da kaka 'yan'uwan mijin suka zo, suka zagaya gonar tun daga wannan iyaka har waccan, suka ce mata sannu da aiki, suka kama hanya. Gona ta tsaya a hannunta.

Gidan Malam kuwa sun sha wuya a shekarar. Tun kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, yaransa suka san tuwo sau ɗaya a yini, matarsa ta yi ta masa mita, kuma da gaskiyarta. Mai unguwa ya yi wata shida bai taka ɗakin sujada ba. Ranar farko ba ta sake komawa hannun Malam ba har ya bar ƙauyen.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: ƙauyen nan duniyar da aka aike mu cikinta ce. Malam kuwa ni ne, kai ne, ke ce, duk wanda ya amsa kiran Ubangiji. Damin da yake kaiwa shi ne taimakon da muke yi wa matalauta, buhun masarar Kirsimeti da zanin da zumuntar mata take rabawa. Abu ne mai kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce fasto ya hana kyauta. Amma rabon ranakun gayya shi ne yadda muka tsara zamanmu, wa ake fara saurara, wa ake bari sai an gama da kowa. Ubangiji bai aike mu mu share wa gwauraye da marayu hawaye kaɗai ba, ya aike mu mu tsaya musu a inda ake yanke maganarsu. Wannan kuwa yana da tsada. Kyauta takan jawo yabo, adalci yakan jawo fushin manya, wani lokaci har da yunwa a gidanka.

Iyayenmu da suka kawo mana bishara da ƙafa, ba tuwo kaɗai suka raba ba, da yawansu sun bar wurin zamansu na gaba saboda wani. Shi ya sa muke tunawa da su.

Saboda haka, a makon nan, kafin ka ɗora buhu a babur ka nufi gidan gwauruwa, ka fara zama ka tambaye ta abin da yake cinye mata gona. Ka kuma roƙi Allah ƙarfin zuciya tun daga gida, domin tana iya kiran sunanka.