Kankanar Da Aka Sa Wa Gidan Sauro

Akwai wani mutum mai suna Gregory, yana da shagon kwaɗuna da makullai a PZ da ke Zariya, gidansa kuma yana Samaru. Ba za a kira shi marowaci ba. Sai dai in ka tambaye shi ƙarfe nawa, yakan ɗan yi nazari kafin ya duba agogo.

A unguwarsu akwai ƙungiyar masu lambu. Ma'aikata ne da 'yan fansho da matan gida suka samu fili a bakin fadama, suka yanka wa kowa fegi. Dokarsu guda ce mai haƙori: duk wanda ranar duba lambu ta zo feginsa bai ba da komai ba, za a karɓe a ba na layi.

Fegin Gregory ne a jikin rijiya, wanda kowa ke haɗiyar yawu a kansa. Ko kwaɗo ka je saya, sai ka ji labarin fegin nan kyauta. Shi kaɗai ne abin da yake bayarwa kyauta.

Wata Asabar shugabar ƙungiya, Malama Tabitha, ta yi musu shatar bas zuwa wani ƙauye a hanyar Giwa, don su ga masu kiwon zuma. Gregory bai je ba.

Ya ce, "Ni da na je ziyara Isra'ila na ga gonaki da idona, zan shiga mota in je kallon ƙuda?"

Suka dawo da amya biyu, suka ɗora a kan mangwaron ƙarshen lambu. Aka hana feshin magani lokacin fure. Aka kuma ce in zuma ta samu, za a raba daidai.

Wannan rabo daidai ne ya tsaya wa Gregory a wuya, don kankanarsa ta fi ta kowa fure.

A taro ya miƙe ya ce, "Malama, bari in gane. Ƙudan nan su shanye mini fure, su kai amya, sannan a raba da Iyke, wanda ko alayyafonsa bai tashi ba?"

Iyke mai gyaran firji ya ce, "Oga, to ka riƙa yanka musu rasit mana."

Malama Tabitha, wadda ke kiran Gregory da sunan 'yarsa, ta ce, "Baban Peace, ba sha kawai suke yi ba. Su ne ke ɗaukar garin fure daga namiji su kai wa mace. Ba su, ba kankana. Da ka bi mu, da ka gani."

Ya ce, "Ai kowane ɓarawo in an kama shi, taimako ya zo yi."

Washegari ya kwance gidajen sauron gidansa kaf, ya sa tela ya haɗe su, ya lulluɓe fegin, ya danne gefe da duwatsu. Matarsa Liya da yara suka koma kwana da mafici. Sauro dai bai kai ƙara ko'ina ba.

Ganye ya yi kyau, gaskiya. Fure ya buɗe, ya jira, ya kaɗe. Na maƙwabta suna ta ƙulla 'ya'ya, Gregory yana ban ruwa ga ganye mafi tsaro a Zariya. Ya zargi mai iri. Ya zargi idon Iyke.

Malama Tabitha ta sake samunsa ta ce, "Baban Peace, ka ɗage ko da safe ne kawai. Akwai sauran fure."

Ya ce, "Na gode, Malama. Ki gaishe da ƙudanki."

Ranar duba lambu ta zo. 'Yan ƙungiya suka tarar an yaye gidan sauro, ga kankana manya-manya kwance ƙarƙashin ganye, ga Gregory tsaye ya harɗe hannu.

Malama Tabitha ta sunkuya ta ɗaga ɗaya. Ta biyo hannunta ba gardama, ba reshen da ya riƙe ta. Da ta juya ta, sai ga ɗan yankan nan mai kusurwa uku da masu kankana ke yi don mai saye ya ga ja. Aka juya sauran. Kowace da nata.

Ashe kasuwar Sabon Gari ya je da yamma, ana gobe duba lambu, ya sayo su. Kuma tunda bai taɓa yarda da kowa ba, sai da ya sa mai kankana ya yanka masa kowace ɗaya ya leƙa.

Iyke ya ce, "Kai, Oga! Wane iri ne wannan? Kankana ta fito da taga!"

Gregory ya ce, "A nan suka fito."

Malama Tabitha ta ce, "To madalla. Ka san al'ada, abin da ya fito a nan, ranar duba tare ake ci. Iyke, kawo wuƙa."

Yana tsaye aka yanka su. Kafin a watse aka miƙa fegin ga Rejoice, wata nas da ta daɗe a layi.

Waɗanda suka sha sun ce kankanar da zaƙi. Ya iya zaɓe, wannan kam ba wanda ya yi musu.

Darasi: Wanda ya toshe ƙofa don kada wani ya amfana da shi, ya toshe hanyar da nasa arzikin zai shigo. Ba duk mai raɓarka ne ya zo cutarka ba. Ku tura wa 'yan'uwa. Wanda labarin ya shafa ba zai tura wa kowa ba, don haka ku taimaka ku tura masa.