Rana da Wata a Takardar Malam Haladu

Ga ta nan gare ku, amma ba ta Gizo ba ce. Kowa ya kife wayarsa har in gama, don a kanta za a yi maganar, kuma ba na maimaita darasi.

A garin Kafin Tsamiya akwai wani tsohon malamin firamare, Malam Haladu Na'iya. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci da Hausa a aji huɗu, kuma ba a taɓa jin ya bar kuskure ya kwana a littafin yaro ba. Da tsofaffin ɗalibansa da ke ƙasashen waje suka haɗa kuɗi don a haƙa wa makarantar rijiyar burtsatse, ba su yi gardamar wanda zai riƙe ba. Sun aiko da su ta kirifto, dalar intanet, don kada faɗuwar naira ta cinye su kafin rani, lokacin da masu haƙa suka ce za su zo. Aka sa wa Malam lalitar waya, wato manhajar da ke riƙe irin waɗannan kuɗi. Manhajar ta nuna masa kalmomin Turanci goma sha biyu, ta ce su ne makulli: in waya ta ɓata ko manhaja ta goge, da su kaɗai ake buɗe lalitar, a jere yadda suka zo, ba ƙari ba ragi.

Malam ya dubi kalmomin, ya ga duk ɗan zamanin da ya ci karo da su zai gane makulli ne. Sai ya yi dabara irin ta malamai. Ya fassara su zuwa Hausa, ya rubuta "Shifta" a saman takardar da jan biro, ya cusa ta cikin tsofaffin littattafansa, ya ƙona ta Turancin. Wane ɓarawo ne zai saci shiftar 'yan aji huɗu?

Wata bakwai suka wuce. Yanar ido ta fara rage masa gani.

A can inda ake ƙera manhajar kuwa, an gano ɓaraka. Ashe makullan da tsohuwar manhajar ke yankawa ba su da wuyar canka. Na'ura mai ƙarfi tana iya fito da su, ɓarawo ya kwashe lalita daga wata duniya ba tare da ya taɓa wayar mai ita ba. Me masu ƙerawar suka yi? Suka rubuta sanarwa da Turanci, suka liƙa a shafin da babu mai leƙawa a Kafin Tsamiya, suka koma shan shayinsu. Maƙerin da ya sayar maka da kwaɗo mara kyau, ƙofarka yake zuwa ya ƙwanƙwasa. Waɗannan ko sallama ba su aiko ba.

Ku gane abin da ke kan faifai. Gari duka ya san kuɗin rijiya suna hannun Malam, amma kaɗan ne suka san a waya suke. In suka salwanta, wa zai yarda kuɗi sun fita daga wayar da ke aljihun mutum ba da hannunsa ba? Rijiya ta tafi, sunan shekara talatin da biyar ya bi ta.

Mutum uku ne suka tsaya tsakanin Malam da wannan rana, dukansu daga ajinsa suka fito.

Na farko Ɗayyabu, direban tirela mai kai albasa kudu. Ran Laraba yana gareji, ya ga wani ɗan kasuwa zaune a ƙasa, hula a gefe, yana duban waya yana salati. Ya tambaya, aka ce an share masa lalita tas. Ɗayyabu ya leƙa, ya ga alamar manhajar, koriya mai zanen kwaɗo, irin wadda ya taɓa gani a wayar Malam. Ya kira Malam sau goma sha ɗaya. Malam ba ya ɗaukar lambar da idonsa bai karanta ba. Ɗayyabu kuma bai yarda ya gaya wa kunne na uku cewa kuɗin rijiya suna wayar dattijo ba. Sai ya bar wa abokin tuƙinsa mota da albasa, ya san mai motar ba zai yafe masa ba, ya shiga bas ya yi arewa. Da hantsin Alhamis ya faɗo zauren Malam, ƙafa a kumbure.

"Allah gafarta Malam, ɓarayi na kan hanya, kuma ba ta ƙofa za su shigo ba."

Malam ya saurara har ƙarshe. Ɗayyabu ya ce kada ya damu, ya zo da magani: wani saƙo da aka tura masa a gareji, mai cewa a latsa nan a sabunta. Ya latsa a wayar Malam. Shafi ya buɗe, kore shar, da kwaɗonsa, yana neman kalmomi goma sha biyu. Malam ya tashi ya shiga ciki neman takarda.

Ta biyu Kuluwa, mai duba rubutu a wata maɗaba'a, wadda ke zuwa duk Alhamis ta karanta wa Malam jarida tun da idonsa ya raunana. Ta yi sallama ta tarar da waya a hannun Ɗayyabu. Ta karɓa, ba ta dubi koren ba, ba ta dubi kwaɗon ba, ta dubi adireshin da ke sama. Harafin da ya kamata ya zo sau ɗaya ya zo sau biyu.

"Kai Ɗayyabu, har yanzu ba ka karanta abu sai ka haɗiye? Wannan ba ƙofar masu gida ba ce, ta ɓarayi ce."

"Ke dai kin cika tsirfa. Harafi ɗaya?"

"Harafi ɗaya ne tsakanin kura da kuka."

Malam ya fito da takarda a ninke, ya ji abin da ya kusa faruwa. Kuluwa ta rufe shafin, ta nemo sanarwar gaskiya, ta karanta masa dalla-dalla: a sabunta manhaja, a buɗe sabuwar lalita mai sabon makulli, a kwashe komai a mayar can, don tsohon makulli ya riga ya zama na kowa. Ta latsa sabuntawa, waya ta ce ba wuri. Ta goge hotuna, ta ce ba wuri. Ta dubi takardar da ke hannun Malam, ta ga ai makulli na nan, sai ta goge tsohuwar manhajar ɗungurungum, ba ta tambayi kowa ba. Sabuwa ta sauka lafiya, ta nemi kalmomi. Kuluwa ta warware takarda.

Ta karanta ta har ƙasa. Sannan ta ce, "Malam, wannan ai Hausa ce."

"Na sani. Ni na rubuta. Karanto, in mayar da su."

Bakwai ba su ba da wahala ba: doki doki ne, allura allura ce, tsani tsani ne. Biyar suka tsaya a maƙogwaro. Rana: ta sama ko ta kwana? Wata: na sama ko na kalanda? Ƙasa: ta noma, ko ta sarauta, ko duniya? Baki: na cin tuwo ko na kogi? Gari: na mutane, na tuwo, ko wanda ke wayewa? Kowace fuska da kalmarta daban a Turanci, kuma manhaja ba ta san kusa ba. Malam ya faɗi zaɓinsa da muryar aji. Ta ƙi. Ya canza. Ta ƙi. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana cewa yara su yi tunani kafin su yi magana, ya ji kansa ya zama fanko, kalmomin suna yawo a ciki kamar ƙudaje.

Kuluwa tana da adireshin lalitar a wayarta, wanda ke nuna abin da ke ciki ko da ba a iya taɓawa. Duk bayan gwaji sai ta leƙa. Kuɗin suna nan. Wayar Ɗayyabu kuma sai ƙara take: daga gareji, an share mutum biyu tun safe. Can aka ce an ƙara share wani. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, cajin wayar Malam ya koma ja.

Na uku Mudi mai faci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, kuma shi kaɗai ke da janareta a layin. Mudi ya shekara uku yana maimaita aji huɗu, bai shiga na biyar ba. A garin nan in ana son misalin wanda boko ya ƙi, sunansa ake kira, shi ma yana taya su dariya. Can suka kwashi Malam da waya da takarda. Mudi ya ja janareta, ya share wa Malam benci, ya koma kan tayar wani mai babur. Yana aiki yana jin Malam na gunaguni: "Rana ta kwana ce. Ta kwana nake nufi. Tabbas."

Mudi ya ajiye guduma.

"Allah gafarta Malam, ba haka ka koya mana ba."

Tun da aka kafa garin ba a taɓa yi wa Malam Haladu gyara ba, balle daga bakin Mudi.

"Me ka ce?"

"Ka ce rana ta sama ce kawai. Ta kwana, yini za a rubuta, wanda ya rubuta rana jaki ne. Bulala shida na sha a kanta, biyu kowace shekara. Wata ma na sama ne; na kalanda cewa kake kwana talatin. Ƙasa ta noma ce. Baki na cin tuwo, na kogi gaɓa. Gari na mutane."

Sai ya miƙe, ya haɗa hannu a baya kamar yaro a gaban allo, mutum mai furfura a gemu, ya rera jerin da Malam ke sa su rerawa, Turanci da Hausa, Turanci da Hausa. Kuluwa tana bin bakinsa tana bugawa. Daɗi ya kwashe shi, ya karɓi takardar ya rero duka goma sha biyun da ƙarfi, mai babur na ji, mai rake na ji, masu jiran mota na ji, Ɗayyabu na ta yi masa alama ya rage murya bai gani ba.

Lalita ta buɗe.

Kuluwa ba ta tsaya murna ba. Ta buɗe sabuwa. Manhaja ta ce ga sabbin kalmomi a rubuta, ta danna "sai an jima", don ba a buɗe makulli a bakin titi. Ta tura kuɗin. Da'ira ta shiga juyawa. Sabis ya sauka, ya hau, ya sauka. Aka kira azahar, babu wanda ya motsa. Malam ya riƙe gefen benci har jijiyoyin hannunsa suka fito. Sai waya ta yi ƙara ɗaya: sun isa.

Da suka dawo daga masallaci Kuluwa ta leƙa tsohon adireshin. Ɗan guntun da ya rage a ciki, wanda ko kuɗin goro bai kai ba, an share shi. Tazarar da ke tsakanin Malam da ɓarayi ba ta wuce alwala da raka'a huɗu ba.

A ranar Malam ya sa Kuluwa ta rubuta wa masu manhajar wasiƙa shafi uku, yana neman su ba da haƙuri a fili, da harshen mutanen da suka karɓi amanarsu, su kuma biya waɗanda aka share. Har yau ba amsa. Ya aika ta biyu, kuma da gaskiyarsa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Sabbin kalmomin suna nan a rufe cikin waya, ba wanda ya gan su. Wayar ta tsufa. In ta mutu kafin a rubuta su, abin da ɓarayi suka kasa ɗauka ya tafi da kansa. Malam ba ya iya karanta su, an sa masa ranar aikin ido, kuma rani saura wata huɗu. Dole wani ya buɗe, ya rubuta, ya riƙe. Ya ce ba zai raba su uku ba, don in kashi ɗaya ya ɓata duka sun ɓata, kuma sirrin da ya shiga kunne uku ya zama shela. Mutum ɗaya yake so.

Ya zauna a zaure da wayar a cinya, yana auna su yadda ya saba auna jarrabawa.

Ba don Ɗayyabu ba, da labari bai iso ba sai bayan an yi sata. Ya sa aikinsa a kasada saboda sunan malaminsa, ya kuma iya riƙe bakinsa. Amma shi ne ya ɗauko tarkon ɓarayi ya shigo da shi har zaure.

Ba don Kuluwa ba, da kuskuren harafi ɗaya ya wuce, kuma da ba a san hanyar gyara ba. Amma ita ce ta goge abin da ba ta duba ba, ta jefa su ramin da suka kusa kwana a ciki.

Ba don Mudi ba, da takardar ta zama shiftar gaske. Abin da ya shiga kansa ba ya fita, kuma shi kaɗai ya iya duban idon Malam ya ce ba haka ba ne. Amma ya rera makulli a bakin titi kamar tallar fura.

To, ga waya a cinyar Malam, caji na sauka. Kada kowa ya ce mini dukansu, ba na karɓar wannan amsa. Wane ne a cikin ukun nan ya cancanci a miƙa masa ita?