Motar Barnaba da Baƙin Tukunya

Akwai wani mutum, manomi, sunansa Barnaba, yana da wata tsohuwar jif irin mai hawa dutse, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya bugi ƙirjin motar ya ce, "Wannan? Ko cikin kogi na shiga da ita, ɗigon ruwa ba ya ganin cikinta!"

Maƙwabcinsa Zakka shi ma yana da irinta, sai dai tasa duk fenti ya koɗe, kamar jakin da ya sha bulala.

To, damina ta kankama, ga taron zumuntar mata ya gabato a wani gari hayin rafi. Matan za su yi waƙa cikin fararen kaya, kuma Rifkatu matar Barnaba ce mai ba da waƙa. Motocin Barnaba da Zakka ne za su kai su. In kayan nan suka ɓaci, ba su ba tsayawa gaban jama'a, wahalar koyon waƙa ta tashi a banza.

Robar da ke bakin ƙofofin motocin nan biyu, wadda take tare ruwa, duk ta tsufa ta tsattsage kamar kaushin diddige. Zakka ya sayo sabuwa. Ya ɓamɓare tsohuwar, ya kankare tsatsar da ke ƙarƙashi har yatsunsa suka yi jini, ya shafa gam, ya liƙa sabuwa, ya rufe ƙofofin suka kwana.

Barnaba ya leƙo ta kan danga ya ce, "Zakka, kaciya kake yi wa motar ne?"

Shi kuwa gogan naka sai ya shiga madafa, ya kankaro baƙin gindin tukunya, ya kwaɓa da man gyaɗa, ya bi tsohuwar robarsa ya shafe. Ta yi baƙi wuluk, tana ƙyalli kamar daga kanti.

Rifkatu ta ga gindin tukunyarta ya yi fes, ita kuwa ba ta wanke ba. Ta bi ɗigon mai har gindin mota, ta shafa roba da yatsa, ta dubi yatsan.

Ta ce, "Baban Ladi, wannan gyara ne ko kwalliya?"

Ya ce, "Maman Ladi, ki tsaya wajen waƙarki. Ido ai shi ne alƙali."

Ta ce, "To, Allah ya sa rafi ma yana da ido."

Ran tafiya ta ce wa matan su sa tsofaffin zannuwansu. Fararen kayan kuwa ta ƙulle su wuri ɗaya, ta kai motar Zakka. Barnaba kaɗai ya ci ado, ya zuba farar babbar riga tun daga gida, domin a san mai mota ya iso.

Suna kan hanya sama ta ɓalle. Da suka shiga mashigin rafi, ruwa ya dinga tsartowa ta kowace ƙofar motar Barnaba, inda Rifkatu da wasu matan suke, ta sama ta ƙasa, yana wanko baƙin tukunya. Matan suka ɗaga ƙafafu suna ihu suna dariya. Barnaba ya ce, "Gumin mota ne, haka take yi in ta ji daɗi."

Suka isa, jama'a cike a ƙofar majami'a. Zakka ya buɗe tasa, ƙullin kaya a bushe ƙayau. Matan suka rangaɗa guɗa, suka ruga suka sauya, suka fito fari fat, Rifkatu a gaba ta ɗaga murya. Ranar sun yi waƙa har tsofaffi suka tashi rawa da sandunansu.

Barnaba kuwa ya daɗe a mota. Da ya ga ba makawa ya buɗe ƙofa, ruwa ya riga shi fita, shaa! Ya sauko, rigarsa zane-zane tun daga kafaɗa har gwiwa, kamar jakin dawa. Wani dattijo ya matso, ya sunsuna, ya ce, "Ɗana, motar taka ƙuli-ƙuli take soyawa?"

Ma'anar wannan misali ita ce: mota rayuwarka ce, robar ƙofa kuwa zuciyarka. Baƙin tukunya shi ne halin kirkin da muke shafawa ran Lahadi, alhali tsohuwar ƙarya da tsohon fushi suna nan a ƙarƙashi. Muddin rana tana fitowa, ba mai ganewa. Amma ruwa yana zuwa, 'yan'uwa, ba ya kuwa tambayar wa ya fi ƙyalli.

Tuba tana da zafi, Zakka ma sai da ya zub da jini. Ku bar Ubangiji ya ɓamɓare tsohuwar, ya kankare tsatsar, ya sa sabuwa. Mai yin haka zai haye rafi da waƙa a bakinsa. Wanda ya ƙi kuwa, ya ji da kunnensa: zai sauko gaban taro yana ƙamshin man gyaɗa.