Wanne Aka Fara a Layin Ciyaman?

An yi wani ciyaman na ƙaramar hukuma mai tsananin son doka, musamman wadda ba ta bi ta ƙofar gidansa. Shekara uku mutanen Layin 'Yan Tukwane suna roƙon kwalta da famfo, har suka gaji suka wakilta Tabawa mai ƙosai, wadda duk damina sai ta tattare zane ta keta taɓo kafin ta kai kaskonta bakin titi.

Ranar taron jama'a ta miƙe ta kai kukansu.

Ciyaman ya gyara hula ya ce, "Iya, doka ce. Ba ma zuba kwalta inda ba a binne bututun ruwa ba, kada a dawo a fasa ta. Ba ma kuma kai bututu inda babu kwalta, don motar aiki ba ta shiga taɓo. Ku samo ɗaya, mu yi muku ɗayan."

Tabawa ta rusuna ta ce, "Kai, ranka ya daɗe, wannan doka ta tsaru! Mu jahilai ne, a koya mana. A layinku wanne aka fara?"

Ciyaman ya buɗe baki zai ce kwalta, ya fasa. Zai ce bututu, ya sake fasawa. Kansiloli suka sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Ai... tare aka yi su."

Tabawa ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi, ashe akwai hanya! Sakatare, rubuta yadda ya faɗa. Mu ma taren muke so, Allah ya tsare mu da karya doka."

Zaure ya ɓarke da dariya. Bayan wata biyu motar bututu da ta kwalta suka shigo layin a jere, ciyaman kuwa bai sake kiran taron jama'a ba.