Ranar da Baba Ya Ɓata a Falonsa

Akwai wani mai sayar da tayoyin mota da 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Can-Waje. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ubangidansa a harkar taya, wanda kowa ke kira Dila, shi ya ɗauke shi rakiya zuwa ƙasar waje don su duba kaya. Ko wata guda ba su yi ba suka dawo. To, tun daga ranar kunnen jama'a bai huta ba.

In ka ba shi ruwa, sai ya ce can waje ba haka ake ba da ruwa ba. In ka yi atishawa, can waje ba haka ake yi ba. Mutumin da bai san ko'ina ba sai ɗakin otal da masana'antar taya, shi ne ya dawo yana koya wa mutane zaman duniya. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma shi tasa bakinsa kawai ta buɗe.

Can-Waje a gidan mahaifinsa yake zaune da matarsa. Baba tela ne a da, da kuɗin ɗinki ya gina gidan, kuma tsufa ya riga ya tafi da idanunsa. Sai dai in ka gan shi yana yawo a gidan ba za ka ce makaho ba ne. In ya fito daga ɗakinsa, sai ya dafa tsohon kabad ɗin kwanuka na marigayiya matarsa. Daga kabad sai keken ɗinkinsa. Daga keke sai bayan doguwar kujera mai hannun katako, ita ce ke kai shi har ƙofar banɗaki. In kuma waje yake so, teburin rediyo ne ke nuna masa hanya. Duk inda yake dafawa katakon ya yi baƙi ya yi sumul saboda yawan shafa. Bai taɓa cewa wani ya riƙe masa hannu a gidansa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Waɗannan kayan ne suka tsone wa Can-Waje ido da ya dawo.

"Dubi falon nan, don Allah," ya ce wa matarsa. "Kamar shagon 'yan gwangwan. Can waje sarari ake so. Ki shiga falo ki ji iska na kaɗa ki, ba wannan tarkacen ba."

"Tarkacen nan da su Baba yake gani," in ji ta. "Ka bar masa ko da kabad ɗin da kujerar."

"Ke matsalarki ba ki taɓa fita ba. Da kin ga duniya da ba ki faɗi haka ba."

"Ni dai na ga Baba."

Ya yi tsaki ya fice. A ransa yana tausayin kansa da Allah ya haɗa shi da mutanen da ba su waye ba.

Ya jira sai da Baba ya tafi kwana biyu gidan 'yarsa, wato yayar Can-Waje, sannan ya kira 'yan gwanjo. Suka kwashe kabad da keke da kujera da tebur. Ko ciniki bai tsaya yi ba, don gani yake taimakonsa suka yi. Aka fasa simintin ƙasa aka shimfiɗa tayil mai ƙyalli, irin wanda mai ido ma sai ya taka a hankali. Aka shafe bango da farin fenti. Ya sayo fararen kujeru guda biyu ya dasa su a tsakiyar falo, nesa da kowane bango, ya ajiye teburin gilashi a gabansu. A lungu ya kafa wata doguwar tukunya da busasshen reshe a ciki. Da kuɗinsa ya sayi reshen, alhali ga irinsa nan a bayan gida ana hura wuta da shi.

Da aka gama, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu. Daɗi ya cika shi har ya ji kamar ya yi kuka. Ya ɗauki hotuna ya tura wa duk wanda yake da lambarsa.

Baba ya dawo da dare, aka kai shi ɗakinsa. Washegari da safe ya buɗe ƙofar ɗakinsa, ya miƙa hannu inda kabad yake, sai ya kama iska. Ya ƙara taku ya sake laluba, ba komai. Ya ci gaba a hankali har ƙaurinsa ya daki teburin gilashi.

"Kai, ina kayan ɗakin nan?"

"Na gyara falon ne, Baba. Yanzu ya zama irin na can waje. Da za ka gani da ka sa mini albarka."

Baba ya ce, "Har keken?"

"Baba, keken da ba a ɗinki da shi?"

Tsohon ya juya ya nemi bango, ya fara bin sa da tafin hannu.

"Wayyo, Baba, bangon! Fentin nan yana kama datti."

Baba ya janye hannunsa kamar wanda ya taɓa wuta.

Ya gwada sanda, sai ta riƙa zamewa a kan tayil, ɗan nasa kuma na ƙorafin za ta karce shi. Daga nan ya zamana duk lokacin da Baba zai zaga, sai ya kira surukarsa ta ja shi. Ita ba ta taɓa nuna gajiya ba, amma shi kunya ta ishe shi. Dattijo da furfurarsa, matar ɗansa na kai shi ƙofar banɗaki tana jiransa. Sai ya rage shan ruwa. Ya rage cin abinci. Ya daina fita ƙofar gida inda yake zama abokansa su same shi. Ya koma zaman ɗaki, yana ramewa.

Matar ta sake samun mijinta. "Baba fa ba ya shan ruwa. Kofin da na kai masa da safe shi nake ɗaukowa da yamma."

"Zai saba," in ji Can-Waje, idonsa na kan waya. "Kowane ci gaba da wahalarsa. Ni ma da na je can sai da na saba da sanyi."

Ka ji mutum. Sanyin da ya ji a tsakanin ƙofar otal da ƙofar mota shi yake haɗawa da halin da ubansa ke ciki.

Abin da ya dame shi ɗaya ne: Dila bai ga falon da idonsa ba. Don haka ya gayyace shi cin abincin rana, shi da wasu manyan 'yan kasuwa. Kafin su iso ya leƙa ɗakin Baba ya ce, "Ina da manyan baƙi, ka ɗan huta a ciki," ya jawo ƙofar.

Baƙi suka zo. Kujeru biyu ba su ishe su ba, sai wasu suka tsaya suna riƙe da kofuna, Can-Waje na ce musu ai can waje ma a tsaye ake hira. Matarsa na can kicin, injin markaɗe na ta ƙara. Shi kuwa ya kunna kiɗa a hankali, ya shiga bayanin ma'anar busasshen reshe.

Yana cikin bayani ya ji muryar Baba daga ɗaki yana kiran surukarsa. Ya ji sarai. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa wannan maganar tukuna. Baba ya sake kira, wannan karon sunan ɗan nasa ya kira. Can-Waje ya miƙa hannu ya ɗan ƙara sautin kiɗan.

Jim kaɗan ƙofar ta buɗe.

Baba ne ya fito da rarrafe. Gwiwa biyu da hannu biyu a kan tayil, yana shafa ƙasa yana neman hanyar banɗaki, rigarsa na jan ƙasa. Ya san in ya miƙe zai zame, kuma an hana shi bango. Bai san inda baƙin suke ba, sai da hannunsa ya sauka a kan takalmin wani.

"Yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Wucewa zan yi."

Can-Waje ya daskare a inda yake, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kuma don ka san irin mutumin, abin da ya fara zuwa ransa shi ne an kunyata shi a gaban Dila.

Dila ne ya ajiye kofinsa, ya durƙusa da manyan kayansa, ya ɗaga Baba. Ya riƙe shi har banɗaki, ya jira shi, ya dawo da shi ya zaunar a kan farar kujera. Sannan ya juyo.

"Kashe kiɗan nan."

Can-Waje ya kashe.

"Tare muka yi tafiyar nan da kai. A bakin titin da muke bi kullum, ba ka ga wani layi mai gurzu-gurzu a ƙasa ba? Ka san na mene ne? Don makaho ya ji hanya da ƙafarsa. Ba ka ga ƙarfen dafawa a banɗakunansu ba? Ni da na dawo shi na fara sa wa tsohuwata. Kai duk ba ka ga wannan ba, sai reshe?"

"Ranka ya daɗe, ai dama ina shirin..."

"Rufe mana baki."

Baba ya ɗaga hannu. "Ku bar shi, Alhaji. Ya ce zai mai da gidan irin na waje, kuma ya iya. Ga shi ni da na gina shi na zama baƙo a ciki."

Ba wanda ya ci abincin. Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi wa Baba sallama, ba wanda ya kalli mai gayyata.

Kafin yamma labari ya kai kunnen Yaya. Ta zo da mota, ko zama ba ta yi ba. Ta haɗa kayan Baba, ta riƙo hannunsa. A bakin ƙofa ta dubi ƙanenta sama da ƙasa ta ce, "Ga sararin nan, sai ka sha iska."

A kasuwa kuwa Dila ya daina amsa gaisuwarsa. Masu zuwa shagonsa hira suka ɗauke ƙafa. Sai a lokacin ido ya raina fata. Ya ruga wurin 'yan gwanjo, suka ce kabad da keke sun daɗe da tafiya, kujerar kuma an farfasa ta. Ya sayo wasu masu kama da su, ya jera a inda yake zaton na da suke, ya tafi gidan Yaya.

Gidan ƙarami ne, kaya ko'ina. Yana shiga ya ga Baba ya fito daga ɗaki shi kaɗai, ya dafa firij, ya dafa bayan kujera, ya zo ya zauna. Ya ɗan yi ƙiba.

Can-Waje ya durƙusa. "Baba, na tuba. Na sayo wasu kayan, na mayar da komai yadda yake. Ka dawo gidanka."

Baba ya lalubo kansa ya dafa. "Na yafe maka, har ga Allah. Amma waɗanda ka sayo hannuna bai san su ba. Da ƙyar na koyi gidan yayarka, kuma na tsufa da koyon wani. Ka je, Allah ya yi maka albarka."

Haka ya koma shi kaɗai. Baba bai sake kwana a gidan da ya gina ba.

Darasi: Tafiya ba ta ƙara wa mutum hankali sai in ya tafi da idon ganin abin da zai amfani mutane. Wanda ya je ƙasar wasu ya kwaso ƙyalli ya baro tausayi, wahalar hanya kawai ya sha. Kafin ka kira wani abu tarkace a gidanku, tambayi wanda yake dafa shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsofaffi a gida.