Kibiyar da Ke Kallon Sama

Akwai wata mata da kowa ke kira Mai Hoto. Shagonta ɗaki ɗaya ne: farin labule a bango, kujera mai juyawa, fitilu biyu, sai kwamfuta a kan tebur kusa da taga. Karatunta bai yi nisa ba, amma idan ka ba ta ajiya, ka kwanta ka yi barcinka.

Shi ya sa shugabar wata makarantar 'yan mata ta ba ta aikin katin shaidar ɗalibai. Hoton kowace yarinya, sunanta, ajinta, adireshin gidansu da lambar wayar iyayenta, duk suna cikin kwamfutar nan.

Tana da ƙane mai gyaran waya, ana ce masa Injiniya. Yana da kirki, sai dai bai taɓa cewa "ban sani ba". Ranar da manhajar da take gyara hotuna da ita ta nemi a sabunta biya, ya kwashe da dariya.

"Yaya, kuɗi ne ke miki ƙaiƙayi? Abin da ake rabawa kyauta!"

"Wane ne mai kyautar?"

"Duniya mana."

"Ita duniyar a ina ta san ni?"

Ya ja kujera ya saka mata wata manhaja da mutane ke musayar fayil da ita kai tsaye, daga kwamfutar wannan zuwa ta wancan. Manhajar ta tambayi wace folda za a buɗe wa jama'a. Yana amsa waya da hannu ɗaya, ya danna babbar foldar aiki, don nan ne ya ga wuri. Daga nan ya sauko mata da manhajar gyaran hoton kyauta.

Kwana uku bayan haka, tana goge tebur, idonta ya faɗa kan ƙasan allo. Kibiyoyi biyu ne ƙanana, ɗaya na kallon ƙasa, ɗaya na kallon sama. Ta ƙasan ta tsaya. Ta saman kuwa lambobinta sai gudu suke. Ta kira Injiniya.

"Wadda ke sauka na gane, kawo mini take. Wannan mai hawa fa, me take fitarwa daga ɗakina?"

"Ai ƙa'idar abin ke nan, Yaya. Kin karɓa, ke ma ki bayar."

"Me nake bayarwa?"

Ya duba yana murmushi. Sai murmushin ya ɗauke. Ba ta jira bayani ba, ta sunkuya ta zare wayar intanet da hannunta.

"Faɗa mini."

"Fayil ɗin makarantar ne. An kwashe shi sau huɗu."

"Su wa?"

"Ba a ganin suna."

"To a karɓo shi."

"Yaya, ba ya dawowa." Ya share gumi. "Amma babu wanda ya sani. Mu goge komai mu yi shiru. In shugabar nan ta ji, aikin ya tafi."

Ta daɗe tana kallon farin labulen da yaran suka zauna a gabansa ɗaya bayan ɗaya, wasu na ɓoye giɓin haƙori. Ta ce, "Aikin nawa ne, zan iya rasa shi. 'Ya'yan ba nawa ba ne."

Ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta kulle shago ta tafi makarantar.

Shugaba ta saurare ta a tsaye. Da ta gama, ta buga tebur. "Yara ɗari uku na damƙa miki! Wa ya aikata?"

"Kwamfutata ce, ranki ya daɗe, kuma ni kika ba amana. Roƙona ɗaya: a sanar da iyaye yau, kada a kai gobe."

A ranar aka karɓe aikin daga hannunta. A ranar kuma saƙo ya shiga wayar kowane gida: duk wanda ya kira da sunan makaranta, a kashe a nemi ofis tukuna.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Kamfanin da ke ba ta intanet ya aiko da takardar gargaɗi: manhajar gyaran hoton nan tana da mai ita, an ga layinta yana rarraba ta, in aka sake maganar za ta kai kotu. Injiniya ya karanta sau biyu. Shi a zatonsa ɗauka kawai yake, ashe rabon kayan wani yake yi da sunan yayarsa. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi ya wanke kwamfutar tas, ita kuma ta sayi manhajar ta halal.

Mako uku shagon shiru, sai masu hoton fasfo jefi-jefi.

Wata safiya wata tela ta shigo, zaren ɗinki na maƙale a hannun rigarta. "Ke ce Mai Hoto?" Kafin ta amsa, matar ta rungume ta.

"Jiya wani ya kira ni. Ya faɗi sunan 'yata, ajinsu, har layin gidanmu. Wai ta faɗo daga bene, ana jiran kuɗi kafin a taɓa ta a asibiti. Har na ɗauko waya zan tura, sai na tuna saƙon nan. Na kira ofis. 'Yar banza tana aji, tana fama da lissafi!"

Gida tara aka kira a makon. Ko ɗaya bai faɗa tarkon ba.

Da aka koma sabon zango, shugaba da kanta ta zo shagon, da jerin sunayen sababbin ɗalibai a jakarta. Ta ajiye a tebur. "Masu hoto suna da yawa. Wadda za ta zo da ƙafarta ta faɗa mini abin da zai cutar da ita, ke kaɗai na sani."

Injiniya na gefe. Shugaba ta nuna kwamfutar ta tambaye shi, "Yanzu lafiyarta lau?"

Ya sosa ƙeya. "Ban sani ba, ranki ya daɗe. Sai Yaya ta duba."

Darasi: Manhajar da ke kawo maka kayan wasu kyauta tana iya fitar da naka, har ta ja maka shari'a, don haka ka san abin da ke fita kafin ka yi murnar abin da ke shigowa. In kuma amana ta zube a hannunka, ka faɗa da wuri, ko da kai za ka yi asara. Ku tura wa duk wanda sirrin mutane ke cikin kwamfutarsa. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.